Shuɗiyar Jakar da ke Ƙasan Akwatinki

Fallowfield, Manchester

Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da shirye-shirye. Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ya tsare ki a tafiyar da ke gabanki, ya tsare waɗanda za ki tarar a can, ya dawo mana da ke da ƙafafunki. Amin.

Abbanki ne zai miƙa miki ita idan ya iso Ladywood, unguwarku ta Birmingham, don ya raka ki filin jirgi. Bai karanta ba, kada ki tsare shi da tambaya. Na rubuta da Hausa ne saboda da Turanci kina kayar da ni a gardama tun kina firamare. Kuma tunda Hausar ce ta samo miki aikin nan, bari ta ƙara yi miki wani amfanin.

Labarin gida babu wani sabo. Ɗaliban da ke maƙwabtaka da mu suna nan suna fito da shara a ranar da ba a kwashewa. Bari in tafi kai tsaye ga abin da ya sa na ɗauki biro. A ƙasan akwatinki, ƙarƙashin dogayen rigunanki, akwai wata shuɗiyar jaka da na saka da hannuna ranar walimar bankwanarki. Saƙon Inna ne, mahaifiyata, wadda kika ci sunanta. Ina so ki ciro ta ki ba Abbanki ya dawo min da ita. Kada ki kai wa Inna, kada ki aika mata, kada ki je garinmu, kada ki bari kowa a wurin aikinki ya san kina da kaka a kusa. Na san ni ce na ce miki akasin haka da bakina. Ki yi haƙuri ki karanta zuwa ƙarshe kafin ki kira ni ki fara.

Kin ce min, da muryar nan taki ta 'yan Manchester, "Mum, it's just logistics." Wato ba bindiga za ki riƙe ba, aikinki shi ne ki tabbatar ruwa da mai da abinci sun isa sansanin sojoji. Na yarda. Na ma zauna na fahimci yadda abin yake tafiya. Gwamnatin ƙasar nan tana da sojoji a wata ƙasa, ba ta son ta riƙa ɗebo musu ruwa da kanta, sai ta ba wani babban kamfani kwangila. Babban kamfanin ya yanki wani ɓangare ya ba naku na Birmingham. Naku zai nemi wani Alhaji mai tankoki a can, Alhajin kuma ya kira direba. Na sama duk suna da inshora da lauya da jirgin da zai kwashe su in abu ya ɓaci. Ko Alhajin yana da wani gidan a wani birnin. Direban kuwa buta gare shi da tabarmar sallah a bayan kujera, kuma garinsu yana bakin hanyar da yake bi kullum. Ke an ajiye ki daidai inda Turanci ya ƙare Hausa ta fara. Kada ki ɗauka digirinki ne kaɗai ya burge su, masu irinsa sun cika Birmingham. Wadda za ta ce wa direba "sannu da hanya" ya ji har cikin ransa, ita ce ba su da ita.

Kamfaninku ya ce sunan ƙasar sirri ne, don haka ba zan rubuta shi ba, ko da yake babu shagon da ba a san shi ba a titin Stratford Road na Birmingham. Abin da ya dame ni shi ne sansanin yana tsallaken iyaka kaɗan daga garinmu. Direba zai tashi da hantsi, ya yi sallar la'asar a masallacin ƙofar gidan Inna.

Kin tuna walimar da Anti Memuna ta shirya miki a gidanta na Sparkbrook. Matar nan ta Kumasi ta riƙe ki kamar 'yar cikinta tun da kika koma Birmingham, kuma ba ta iya yin abu kaɗan ba. Tana zuba wa mutane shinkafa da wake tana shela.

"Jama'a, 'yarmu ta zama soja!"

Kika ce, "Anti, ba soja ba ce, kwangila ce."

Ta ce, "Ke tafi can, kwangilar soja ai ta fi sojan maiƙo."

Kafin la'asar ƙullin leda ya taru a bayan ƙofa. Wata baiwar Allah da ban taɓa gani ba ta kawo takalman yara, a kai wa ƙanwarta. Da kika tambaye ta wane gari, ta ambaci wani wuri da ya fi kusa da teku fiye da inda za ki. Kika gaya mata haka, ta ce, "Ai duk can ne, 'yar nan." Ina zaune ina shan shayi ina yi musu dariya a zuci, ni mai karatu. Da aka tashi sallah na lallaɓa ɗakin da akwatinki yake na cusa nawa. Bambancina da su kawai shi ne nawa yana cikin jaka mai zif. Tabarau ne na karatu, da man shafawa na ciwon gwiwa, da safa masu kauri, da hotonki na ranar gama jami'a. A bakin ƙofa na raɗa miki cewa in kin samu direba mai amana ki ba shi. Kika ce, "Direba kuma? Da kaina zan kai mata, ranar hutu ɗaya ta isa." Na ji daɗi har na rungume ki a gaban mutane, abin da kin san ba ɗabi'ata ba ce.

Game da ƙullin bayan ƙofa, ga abin da ya taɓa faruwa da ni. Ranar da zan fara zuwa ƙasar nan karatu, a filin jirgin Kano, wata maƙwabciyarmu ta danƙa min ƙulli in kai wa ɗanta. Na so in buɗe, kunya ta hana ni, don buɗe saƙo a gaban mai shi kamar ce masa ɓarawo ne. A Manchester wata ma'aikaciya ta tambaye ni ko ni na haɗa kayana da kaina, na ce e, da Turancina mai kyau. Ta kwance ƙullin. Kilishi ne, da daddawa, da wani garin magani a ƙunshe cikin takarda, wanda har yau ban san na mene ne ba. Na wuni a wani ƙaramin ɗaki ina yi wa mutum biyu bayanin daddawa. Maƙwabciyar tana gida tana cin tuwonta, ɗan nata ma da na same shi cewa ya yi an rage kilishin. Duk abin da ke cikin kayanki naki ne, Ummi, kunya ba ta zuwa ta ba da shaida. Ni da daddawa aka kama ni, aka yi dariya aka sake ni. Ke kuwa za ki riƙa sa hannu a kan kwantenoni masu hatimi da za su shiga inda ake ajiye makamai. Ranar da wani ya ce, "Ɗan wannan ne kawai, a saƙala a gefe," ki ce a'a tun bai rufe baki ba, ko da limamin garin ne. Ledojin Sparkbrook kuma ki bar wa Anti Memuna ta mayar wa masu su. Ita ta yi shela, ita za ta iya.

Wannan mai sauƙi ne. Ga wanda ya fi shi.

Lokacin ina digiri na uku, kina 'yar ƙarama, na koma gida bincike a kan kasuwannin hatsi na bakin iyaka da direbobin da ke dakonsa. Ƙungiyar da ta ɗauki nauyin aikin ta ba ni wata farar mota doguwa, mai tambari a ƙofa da eriya a sama. Masaukina yana babban gari. Da na tashi zuwa gaida Inna, akwai motocin haya a tasha, waɗanda na hau duk tsawon rayuwata. Amma na ce wa direban ƙungiyar mu tafi da farar motar. Ba zan ɓoye miki dalili ba, so nake a gani. Akwai matan da suka ce wa Inna karatun 'ya mace asara ne, na so su leƙo ta katanga. Sun kuwa leƙo. Motar ta wuni a ƙofar gida yara suna shafa ta, na ci dambun Inna, na raba tsaraba, kafin magariba na tafi. Daga baya na hau jirgi na dawo na rubuta kundina, aka tafa min.

Tun daga ranar gidanmu ya samu suna. Da gidan Malam ake cewa, sunan kakanki. Aka koma cewa gidan farar mota. Da farko abin bai wuce masu zuwa neman taimako ba, ana zaton Inna tana da Turawa a aljihu. Shekaru suka wuce, zaman lafiyar yankin ya lalace, mutanen daji suka fara ɗaukar mutane suna neman fansa. Wata rana suka tare Kawunki Lawal, ƙanena, a hanyar gonarmu ta nesa. Ba su taɓa shi ba. Ɗaya daga cikinsu, wanda a shekarunsa ƙila yana cikin yaran da suka shafa motar, ya dube shi ya ce, "Kai ne na gidan farar mota ko? A gaida mutanen Turai." Daga ranar Lawal bai sake noma gonar nan ba. Ya ƙara tsawon katanga, ya cire yaransa daga makarantar da ke bayan gari. Ni wuni ɗaya na yi, su har yau suna zaune a cikin sunan.

Yanzu ki ɗora wannan a kan naki. Waccan motar masu binciken gero ce. Ke kuwa tankar da za ki ba saƙo, kowa a hanyar ya san ruwan wa take ɗauka. Akwai mutane a dajin nan da ba su da maƙiyi kamar sojojin da za ki shayar, kuma ba sa karanta takardar kwangila balle su gane ke farar hula ce. In tankar ta tsaya a ƙofar Inna, ko kika sauko daga motar kamfani da katin aiki a wuya, gidan zai samu sabon suna kafin a kira sallah. Kwangilarki za ta ƙare, ki dawo Ladywood ki ci gaba da ƙorafin hayar gida. Inna ba ta da fasfo, kuma ta rantse ba mai raba ta da ɗakinta.

Akwai kuma Malam Ilu. Direban babbar mota ne, yana cikin waɗanda na yi hira da su a binciken. Mutum mai fara'a, ya koya min hanyoyin iyaka fiye da duk littattafan da na karanta. Da na ga yana bi ta garinmu sai na riƙa ba shi saƙon Inna, yau sabulu, gobe atamfa. Ba ya musu. "To, Malama, an gama," shi ke nan. Ashe 'yan kasuwa suna kallo. Suka ce Ilu ya zama ɗan aiken Turawa, shi ke kai rahoton abin da ke tsallaka iyaka. Suka daina ba shi lodi ɗaya bayan ɗaya, har ya bar hanyar ya koma dakon yashi a wani gari. Bai taɓa faɗa min ba. Daga bakin Lawal na ji, bayan an daɗe, kuma har yanzu in sun haɗu yana cewa a gaida Malama.

Ki lura da wannan sosai, domin a jami'a ba a koya muku shi ba. Direban da lodinsa na gobe yake hannunki ba zai iya ce miki a'a ba. In ya ce "to", ba yarda ya yi ba, ladabi ya yi. Zai karɓi jakar da hannu biyu, ya yi miki addu'a, ya fita yana tunanin yadda zai yi da ransa. Ki biya su haƙƙinsu a kan lokaci, kada ki bar su su wuni a rana a bakin ƙofar sansani saboda wani ya tafi cin abinci, ki saurare su in sun ce hanya kaza ba ta biyuwa yau, ko da kwamfuta ta ce tana biyuwa. Amma kada ki roƙe su alfarma, kada ki ware ɗaya ki riƙa yi masa fara'a fiye da saura a gaban mutane. Fara'arki tana iya zame masa abin da tawa ta zame wa Ilu.

Sai kuma wani kuskuren da na yi shi da kyakkyawar niyya, irin wanda ya fi wuyar gyara. Na ji tsoron ki tashi a nan ba ki san ko ke wace ce ba, don haka tun kina koyon magana na haddace miki asalinki kamar karatun allo. A motar bas ta Oxford Road nake tambayarki, 'yar ina ce ke, jikar wa, wace unguwa, kina amsawa da ƙarfi fasinjoji suna murmushi ba su san me ake cewa ba. Kin iya shi har yau, na ji ki kina rera wa matan walima. To a can, tambayar farko bayan gaisuwa ita ce wannan. Ba da mugunta za su yi ta ba, haka muke, ba ma iya zama da mutum sai mun san gidansu. Kuma Hausarki ta Inna ce, a waya kika tsince ta, da karin harshen garinmu. Direba zai ji jimla biyu ya ce, "Hajiya, ke ta wajenmu ce." Zuciyarki za ta yi sanyi, domin duk rayuwarki a nan ana tambayarki daga ina kika zo, ga shi yau an ce ke tasu ce. A nan nake jin tsoro. Ki yi dariya ki ce, "Ni 'yar Manchester ce." Ba ƙarya kika yi ba, za su yi dariya su ma, sai ki tambaye shi lafiyar tayoyinsa. Kin ga ko a takardar nan ban rubuta sunan garin ba.

Za ki ce duk wannan na san shi ranar walima, me ya sa na saka jakar? Na sani mana. Na daɗe ban ga uwata ba, ga 'yata za ta kwana kusa da ita, sai ilimin ya koma gefe ya zauna. A jirgin ƙasa ina komowa Manchester na kira Lawal in yi masa albishir. Ya bar ni na gama murnata. Sannan ya ce, "Yaya, don Allah kada ta zo. Kada ta aiko da ko allura." Ya ce labarin ma ya riga ni isa, wata daga walimar ta tura wa wata saƙon murya, har ya kai kunnen Inna cewa takwararta tana tafe. Ta sa an share ɗakin baƙi, ta ware zakaru biyu ta hana a taɓa su. Ya roƙe ta ta daina faɗa wa masu shigowa gaisuwa, ya ce bai san ko ta ji ba.

Na yi kwanaki ina ɗaga wayar ina ajiyewa. Shekaranjiya da safe na kira ta. Na shirya jawabina tsaf, cewa kamfani yana da doka, ba a barin ma'aikata su fita, Turawa ne sai haƙuri. Ban kai rabi ba ta katse ni.

"Ke, dakata. Ni kike yi wa lacca? Ni ce fa na zauna a gidan bayan farar motarki ta tafi."

Ta ce ta san ba zuwa za ki yi ba tun ranar da ta ga fuskar Lawal, ɗakin dai ta share ne don hannunta ya samu abin yi. Na ce mata akwai tabarau da man gwiwa da na so a kawo mata. Ta ce ƙur'aninta manyan baƙaƙe gare shi, gwiwa kuma ta saba da ita. Sai ta tambaye ni, "Ta wace kusurwa takwarar tawa za ta zauna?" Na ce arewa da su, ɗan gabas kaɗan. Ta ce, "To. In na idar da sallah zan riƙa juyawa can in tofa mata addu'a. Wannan ba sai an ba direba ba." Zakarun kuma ta ce za a yanka su a yi sadaka ranar da kika sauka lafiya, ba tare da an faɗi dalili ba.

Ta fi ni ƙarfin hali, amma na san ta. Wata rana kewa za ta ci ƙarfinta, ta sa a kira mata ke, ta ce, "Takwara, ashe kina nan kusa kika ƙi ni?" da wasa, irin wasan da ba wasa ba. Ke kuma na san ki, kin gado taurin kaina, kuma kina da mota da direbobi a ƙarƙashinki. Ranar nan nake tsoro fiye da duk abin da ake nunawa a labarai. Ki yi kuka in za ki yi, ki ce mata kin ji, ki zauna inda kike. In Allah ya kawo zaman lafiya, ni da ke za mu je a motar haya, mu sauka a tasha mu taka da ƙafa, ba wanda zai leƙo.

Ban hana ki aikin nan ba, kuma ba zan hana ki ba. Ke kika nema, ke kika samu, ina alfahari da ke ko da ban iya faɗa ba. Ki riƙe sallarki, ki sha ruwa da yawa, ki sa hular ƙarfen in sun ce a sa, ko da ta ɓata miki ɗaurin kallabi.

Ba sai kin ba ni amsa ba, na san ba kya son a ga kin sauko. Abbanki zai dawo a motar yamma, zan tsaya a taga. In na hango shuɗiyar jakar a hannunsa, na san kin ji. Na riga na share mata wuri a saman kabad, inda zan riƙa ganinta.

Allah ya kiyaye hanya, ya rufa miki asiri, ya kare ki daga sharrin da kika sani da wanda ba ki sani ba. Ya tsare Inna da Lawal da yaransa a cikin gidansu, ya tsare direbobin da za su yi aiki da ke, ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya. Na yafe miki duniya da lahira. Amin.

Mahaifiyarki